Hadisk ɗaya mai 8TB ko guda biyu masu 4TB? A ba ni shawara kafin in biya kuɗi

Mai Kamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da war haka. Dan Allah masana harkar kwamfuta shawara nake nema kafin in yi ɓarnar kuɗi. Ni ɗaukar bidiyon biki da suna da walima nake yi a nan Kano, to aiki ya taru min a ƙananan hadisk ɗin nan na aljihu, wani 1TB wani 500GB wani ma na tsohuwar laftof ne na cire na sa a kes, yanzu idan amarya ta dawo bayan shekara ta ce a sake tura mata bidiyon kamunta sai in yi ta jona wannan ina cire wancan kafin in gano inda yake. Shine nake tunanin in sayi babban nan na kan tebur wanda ake jona wa wuta, mai 8TB, in kwashe komai in zuba a ciki in sayar da ƙananan in rage kuɗin. Wanda ya taɓa amfani da shi ya gaya min tsakani da Allah yana da ƙarko? Kuma na wane kamfani, WD ko Seagate?

Mai Tura Finafinai:
Wa alaikumus salam. Oga saya kawai kar ka tsaya dogon tunani, irinsa nake da shi a shago tun safe yake kunne har dare muna tura wa mutane fassara da siris a waya, bai taɓa ba ni matsala ba. Kuma in ka lissafa kuɗin kowane TB babban ya fi ƙananan araha nesa ba kusa ba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Malam Mai Kamara sayen babban ba laifi, amma maganar ka kwashe komai ka zuba a ciki ka sayar da ƙananan ita ce ban yarda da ita ba ko kaɗan. Yanzu da aikinka yake warwatse in ɗaya ya mutu bikin mutum goma ko ashirin ka rasa, in ka tattara su waje ɗaya ranar da ya mutu komai ne ya tafi tun daga bikin farko da ka ɗauka. Kuma zai mutu, ba wai ina yi maka fata ba ne, duk hadisk faranti ne yake juyawa a ciki sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya da wani ɗan kai yana shawagi a samansa ko taɓa shi ba ya yi, abu mai motsi haka dole wata rana ya gaji. Abin da ba wanda zai gaya maka shine yaushe, wani ya yi shekara takwas wani wata uku.

Mai Tura Finafinai:
Hhh Injiniya ka fara ko, kai kullum tsorata mutane. To ni me ya sa nawa bai mutu ba?

Injiniya:
Allah ya bar maka shi ɗan'uwa. Amma kai in naka ya mutu gobe me ka rasa? Ka ɗauki sabo ka je wajen abokin sana'arka a layi na gaba ka kwafo duk finafinan kafin la'asar ka ci gaba da kasuwa. Shi kuwa wannan bawan Allah wa zai je ya ce wa Hajiya a sake tara mutane a sake kamu da dina saboda hadisk ya ƙi tashi? Kayanku ba iri ɗaya ba ne shi ya sa shawararku ba za ta zama ɗaya ba.

Mai Tura Finafinai:
To wannan kam gaskiya ne na sallama a nan.

Mai Kamara:
Injiniya to me kake ganin zan yi? Dan kuɗin da ke hannuna na 8TB ɗaya ne, dala kuma kun san yadda take, farashin da aka gaya min wancan satin ba shi ne na yau ba.

Injiniya:
Duka aikin naka in ka haɗa ya kai nawa?

Mai Kamara:
Zai kai 3TB ko ya ɗan haura.

Injiniya:
To ni da nine kai 4TB guda biyu zan saya, kuɗin ba zai yi nisa sosai da na 8TB ɗaya ba, komai ya zama yana cikin wannan kuma yana cikin wancan. In kuma ranka na kan 8TB ɗin to saya amma ƙananan su zauna yadda suke kar ka goge komai a cikinsu, ka sa su a durowa, su ne kwafinka na biyu na tsohon aiki. Abin da nake so ka riƙe shine fayil in waje ɗaya kawai yake to ba ka da bakap ko da kuwa a hadisk mafi tsada a duniya yake. Mutane da yawa suna zuwa shagona su ce ai na yi bakap, in na tambaya sai in ji kot suka yi daga laftof suka zuba a hadisk, wato sun canja wa kayan ɗaki ne kawai.

Ɗalibi daga Zariya:
Ni ban yarda da 4TB biyu ba gaskiya Yallaɓai. Mutumin da ya riga ya kai 3TB ka ce ya sayi 4TB? Na farko 4TB in ka jona a Windows 3.63 zai nuna maka, saura masa 600GB kenan ko ƙasa, kuma in 4K yake ɗauka a 100Mbps awa ɗaya kaɗai 45GB ce, biki ɗaya da kamara biyu da kamu da ɗaurin aure da dina ai zai iya cinye 200GB. Kafin babbar sallah ya cika su ya dawo nan yana tambaya.

Mai Kamara:
Tsaya ƙanena, ya aka yi 4TB ya koma 3.63? Cuta ce ko me?

Ɗalibi daga Zariya:
Ba cuta ba ce Oga, lissafi ne ya bambanta. Kamfanin da ya ƙera shi dubu-dubu yake ƙirgawa, ita kuma Windows 1024 take ƙirgawa, shi ya sa 1TB yake nuna 931GB, 8TB ɗin da kake so ma 7.27 za ka gani. In ka jona ka ga haka kar ka koma ka yi rigima da mai shago.

Injiniya:
Maganar ɗalibi tana kan hanya, ban san 4K yake ɗauka ba. In haka ne 8TB ɗin ya saya ya bar ƙananan, in Allah ya hore ya ƙara na biyu. Amma kafin nan sabon aikin da zai riƙa shigowa fa? Shi ma dole ya zauna waje biyu, ko da laftof da babban ne, kuma kar ya yi fomat ɗin memorin kamara sai ya buɗe bidiyon a wuraren biyu ya ga yana tafiya.

Anti Mai Kafe:
Salam. Ku bari in sa baki dan ni abin ya taɓa cin gidana. Muna da babba irin wannan a kafe duk aikin kwastomomi yana ciki, furojet na ɗalibai, katin biki, takardun makarantu da muke buga musu, kullum a jone yake da kwamfutar gaba. Wani yaro da yake taya ni aiki ya je ya sauko da wata manhaja ta sata wai kirak, wallahi kafin azahar duk fayil ɗin da ke kwamfutar da na cikin hadisk ɗin sun canja suna an liƙa musu wasu haruffa a ƙarshe, ba wanda yake buɗuwa, sai wata takarda a kowace folda wai mu biya dala 980 ko 490 in mun yi sauri cikin awa 72. Hadisk ɗin lafiyarsa ƙalau har yau ina amfani da shi amma abin da ke ciki ya tafi. Ranar na ga tashin hankali, wata ɗaliba da za ta kai furojet ɗinta a satin a gabana ta zauna tana kuka. Dan haka ko biyu ka saya in dukansu a jone suke dare da rana to tare za a kulle su.

Injiniya:
Allah ya mayar da alheri Anti. Wannan cutar kwamfuta ce mai suna STOP Djvu, ta kirak da keygen yake shigowa kuma masu editin su ne suka fi kowa sauko da irin waɗannan, ba sai na kira suna ba hhh. Shi ya sa na bakap ba a barin sa a jone, ka jona ka kwafa ka cire ka ajiye.

Mai Kamara:
Injiniya ka bar tone-tone dan Allah 😂 Anti sannu, Allah ya kiyaye gaba.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a, ni tambaya ta kan kuran ne. Nan wajenmu ana ɗauke shi ba sallama, kuma shi wanga babba na ji an ce ba ya tashi da kebul ɗin USB kaɗai sai an jona mai nashi. To in ana tsakar kwafi kuran ya tafi mi ke faruwa? Dan ƙaramin in ordinatar na da batir ba ruwanshi.

Injiniya:
Ka taɓo inda ya fi damuna da na tebur a ƙasashenmu. Ƙaramin na aljihu inci 2.5 ne, 5V ɗin da ke fitowa daga USB ya ishe shi, laftof ɗinka ita ce UPS ɗinsa, wato batirin da ke riƙe shi in an ɗauke wuta. Babban inci 3.5 ne yana buƙatar 12V daga adaftarsa ta bango, ana ɗauke wuta laftof tana nan a kunne shi kuwa ya mutu a tsakiyar rubutu. Sau da yawa ba abin da zai faru sai fayil ɗin da ake kwafa ya lalace, amma wata rana teburin da yake riƙe da sunayen fayil ne zai hargitse sai ka jona Windows ta ce maka sai an yi fomat, a nan ne mutane suke danna eh cikin ruɗewa su ƙarasa kashe kansu. In ka ga wannan saƙon kar ka danna komai, cire ka kai wa wanda ya sani, yawanci kayan suna nan. Dan haka duk mai sayen na tebur ya sa kuɗin UPS a lissafi ko ƙarami ne, ko ya jona shi a layin inbata in yana da sola, ba ya cin wuta ko wat 20 ba ya kaiwa. Ƙaramin janaretan nan kuwa da yake hawa yana sauka in an kunna masa ayan, kar ka haɗa su kai tsaye.

Sai abu na biyu da yake kawo min aiki kusan kowane wata, adafta. Bakin cajar wasu laftof yana shiga ramin hadisk ɗin daidai, ita kuma 19V ce, mutum cikin duhu ya laluba ƙarƙashin tebur ya jona sai ƙauri. In an yi sa'a wani ɗan diyod ne na kariya yake ƙonewa a gyara, in ba a yi sa'a ba bod ɗin ne gaba ɗaya. Ranar da ka saya ka naɗa wa wayar adaftar salatif mai launi ka rubuta a jiki.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Malam. To zafi fa? Watan Afrilu nan sai ya wuce 40.

Injiniya:
Mu ma Kano haka ne. Takardar da ke zuwa da yawancinsu tana cewa a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 zuwa 35, ka ga ɗakin da ba AC a bazara ya riga ya wuce. Ba wai zai narke ba ne amma kar a sa shi cikin durowa ko a rufe shi da ƙyalle yana aiki wai ana kare shi daga ƙura, ramukan jikinsa na shan iska ne. In za ka yi dogon kwafi bari sai dare ko ka juya masa fanka. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge ƙurar ramukan, in ba ya aiki sannan ka rufe shi.

Mai Tura Finafinai:
Ni abin da zan ƙara kwantar da shi za ka yi ko ka sa shi a lungun da ba mai wucewa. Irin masu tsayuwa kamar littafi ɗin nan yaro ya ja waya sai ƙasa. Wani maƙwabcina nasa daga kan benci kawai ya faɗo yana kunne, tun daga ranar sai ƙas ƙas ƙas yake yi. Har firiza aka ce ya sa shi ya kwana wai zai tashi.

Injiniya:
Inna lillahi, firiza kuma. Raɓa ce za ta taru a ciki ta ƙarasa shi. Hadisk in ya fara wannan ƙarar kashe shi ake yi nan take, duk kunnawar da ka ƙara kan yana kartar farantin ne yana cinye abin da ya rage. Kuma kar a bari wani ya kwance shi a kan tebur wai zai duba, ƙura ƙwaya ɗaya ta isa, masu wannan aikin a ɗaki na musamman suke buɗewa kuma kuɗin da za su caje ka zai iya sayen sabo biyu ko uku ba tare da sun yi maka alkawarin komai zai dawo ba. Manhajojin dawo da fayil irin su Recuva da ake ta faɗa na abin da ka goge da kuskure ne a hadisk mai lafiya.

Ɗalibi daga Zariya:
Ni fa duk wannan wahalar da wuta da ƙura da faɗuwa ita ce ta sa nake cewa zamani ya wuce nan, ku ɗora a intanet kawai. Google Drive yana nan, ba ɓarawo ba gobara.

Anti Mai Kafe:
Ƙanena kai da furojet ɗinka mai 20MB kake magana. Google 15GB yake bayarwa kyauta kuma a ciki har da Gmail da hotunanka, ko rabin kamu ɗaya ba zai ɗauka ba. Sauran sai ka biya duk wata da kati kuma ranar da katin ya ƙi wucewa ka shiga zullumi.

Injiniya:
Kuma ko an ba shi wajen kyauta ɗorawar fa? Yi lissafi da kanka tunda kai ɗan lissafi ne, 1TB a gudun ɗorawa na 10Mbps wanda bai yanke ba ko sau ɗaya kwana tara ne da 'yan awanni, shi yana da uku, ga kuɗin data. Amma ban watsar da maganarka duka ba, bidiyon da aka gama tacewa wanda ake ba kwastoma bai fi 'yan GB ba, wannan kam ya dace a ɗora. Ɗanyen ne ba zai yiwu ba. Dama ƙa'idar da masu harkar suke bi ita ce 3-2-1, kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya kuma ba a gini ɗaya da sauran ba.

Ɗalibi daga Zariya:
To SSD fa, irin ma'ajiyar nan mai memori? Ba faranti ba ƙara, ko ya faɗi ba komai.

Mai Kamara:
Hhh ka tambayi kuɗin SSD mai 8TB kuwa? Sai na sayar da kamarar. Ina da ƙarami 1TB da nake editin a kai, dan gudu kam ba a magana.

Injiniya:
Haka ya kamata, SSD na aiki, babban na ajiya. Kuma SSD in zai mutu ba ya sallama, hadisk ko ba komai yakan fara nauyi ko ƙara ka samu ka kwashe.

Mai Tura Finafinai:
Ni a Telegram nake zuba wasu abubuwan, na buɗe channel ni kaɗai.

Ɗalibi daga Zariya:
2GB ne iyakar fayil ɗaya in ba Premium kake ba, kuma in aka rufe maka akawun ko aka kwace layin wa za ka kama?

Admin:
Jama'a muhawara ta yi daɗi, amma masu turo lambar waya suna cewa a zo inbox akwai kaya na goge, ba a talla a nan. A ci gaba.

Mai Kamara:
Yauwa Admin dama zan tambaya, wani ya turo min hoton wai 16TB ɗan ƙarami kamar akwatin ashana kuɗinsa bai kai na 1TB ba, wai daga waje ake kawowa. Na san dai da walakin.

Injiniya:
Gudu ka yi. Na sha fasa irinsu, ɗan memori ne a ciki aka liƙa da gam wani har da ƙarfe a gefe dan ya yi nauyi, an yi masa dabara yana nuna 16TB a kwamfuta, kana zubawa yana karɓa yana rubutawa a kan na baya, sunayen fayil duk suna nan amma in ka buɗe babu komai. Ko a shago za ka saya, Beirut Road ne ko Farm Centre ko Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja, akwai masu amana sosai amma ka je da laftof ɗinka. Ka sa CrystalDiskInfo kyauta ce, za ta nuna maka lafiyarsa da awa nawa ya taɓa yi a kunne. Sabo ya kamata ka ga sifili ko 'yan awanni, in ka ga 20,000 to ya yi sama da shekara biyu yana aiki dan shekara ɗaya awa 8760 ce, an sa masa sabon kes ne kawai. In ta nuna ruwan ɗorawa maimakon shuɗi ajiye musu kayansu. Sannan ka ɗauki lambar siriyal ka duba a shafin kamfanin ka ga ko warantinsa na nan. In ka kai gida kafin ka amince masa ka sa H2testw ta cika shi ta karanta, a 8TB zai ci fiye da kwana guda amma gara ka san gaskiyarsa tun mai shago bai manta fuskarka ba.

Anti Mai Kafe:
Waranti kuma ku sani hadisk za su canja maka in ma sun canja, ba ruwansu da abin da ke ciki.

Mai Tura Finafinai:
Ɗan Kwatano fa Injiniya? Ni nawa na hannu na saya.

Injiniya:
Na finafinai ba damuwa. Na bikin mutane a'a.

Mai Kamara:
Har yanzu dai ba wanda ya amsa min WD ko Seagate.

Mai Tura Finafinai:
WD mana, Seagate mutuwa yake.

Ɗan Maraɗi:
A'a ni Seagate gare ni shekaru, na abokina WD ne ya mutu.

Injiniya:
Kun gani ko, kowa da wanda ya taɓa cizonsa. A kan teburina duka biyun nake gani har da Toshiba. Akwai kamfanin ajiya a Amurka Backblaze da suke fitar da rahoton dubban hadisk ɗin da suke amfani da su, abin da za ka fahimta a ciki shine bambancin yana tsakanin model da model ne fiye da sunan kamfani. Abu biyu dai zan ce ka lura. Wasu My Book na WD suna kulle bayanai da kansu ta bod ɗin kes ɗin ko ba ka sa fasuwod ba, in bod ɗin ya ƙone ba lallai ka ciro hadisk ɗin ka jona a wani kes ka ga kayanka ba, WD Elements da Seagate Expansion ba su da wannan. Na biyu wasu manyan irin da ake kira SMR ne, in kana zuba kaya da yawa a jere sai ka ga gudu ya faɗi ƙasa sosai bayan wani lokaci, ba lalacewa ba ce haka aka yi su, dan ajiya ba matsala amma kar ka ce za ka yi editin a kansa.

Ɗalibi daga Zariya:
Ba My Book ba ne aka goge wa mutane kaya daga nesa?

Injiniya:
My Book Live ne wancan, wanda ake jonawa da rawuta ba na USB ba. A watan Yunin 2021 mutane suka wayi gari an mayar musu da shi kamar sabo ta intanet, na'urar tun 2015 rabon da a sabunta mata manhaja, kamfanin da kansa ya ce kowa ya cire nasa daga intanet. Na USB da ke cikin durowarka ba wanda zai kai gare shi ta nan.

Mai Kamara:
To wane irin fomat zan yi masa, wani lokacin ina kai aiki wajen abokina mai MacBook.

Ɗalibi daga Zariya:
exFAT kenan, duka biyun suna karantawa suna rubutawa. NTFS Mac karantawa kawai yake yi. FAT32 kuwa manta da shi ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB.

Injiniya:
Ni a babban NTFS zan bari tunda Windows yake aiki da ita, ya fi jure ɗaukewar wuta dan yana rubuta abin da zai yi kafin ya yi, exFAT ba shi da wannan. Wanda za ka riƙa yawo da shi wajen mai Mac shi ka yi wa exFAT, babban ba na yawo ba ne. Kuma ka tabbata ramin USB 3 ka jona mai shuɗin ciki, a nan za ka samu wajen 150MB a sakan, 3TB ɗinka awa shida ko makamancin haka, in ka kuskure ka sa a USB 2 sai ya kwana ya wuni. Kar ka yi ja-ka-sauke da hannu, sa FreeFileSync ta kwatanta foldojin ta kwafi abin da babu kawai, in wuta ta katse ka ci gaba daga inda aka tsaya. Amma ka kula da zaɓin Mirror, in ka goge abu a nan zai goge a can, Update ya fi maka.

Anti Mai Kafe:
Ni kuma akwai abin da duk ku maza ba wanda ya faɗa. Abin da ke cikin hadisk ɗin nan matan mutane ne fa, kamu da sa lalle da wankan amarya, mata sun sake a cikin gida ba mayafi dan sun san a tsakaninsu ne. Ka ce za ka sayar da ƙananan, wanda ya saya in ya sa manhajar dawo da fayil fa? Fomat na sauri ba ya goge komai, ni na ga yaran kafe suna dawo da hotuna daga memorin da aka yi wa fomat. Ranar da bidiyon matar wani ya fita a TikTok ba wanda zai tambayi wa ya sayi hadisk, sunan situdiyonka ne a jiki. Haka in aka fasa shago aka ɗauke babban.

Mai Kamara:
Wallahi Anti kin tuna min babban abu, Allah ya saka da alheri. To ya ake yi?

Injiniya:
Anti ta fi mu gaskiya. In dole sai an sayar a yi cikakken fomat, a cire alamar Quick ɗin nan, Windows za ta bi shi duka ta rubuta sifili, yana ɗaukar awanni. Na ajiya kuma a kulle shi da BitLocker in Windows ɗinka Pro ce, in Home ce VeraCrypt kyauta ce. Sai dai kulle yana da nasa haɗarin, BitLocker zai ba ka mabuɗi mai lamba 48, buga shi a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun fili, in ka manta fasuwod kuma ka rasa wannan ba ni ba ko Microsoft ba za su buɗe maka ba.

Mai Tura Finafinai:
Ni dai ina ganin ku masu kamara kuna ɗora wa kanku kaya. Ka ba amarya bidiyonta a filas, ka gaya mata wata shida zan riƙe bayan nan ba ruwana, shikenan. Dole ne sai ka zama ma'ajin duk Kano?

Mai Kamara:
Hhh ba ka san kwastomominmu ba. Filas ɗin a satin farko ƙanwar ango za ta ara ba za ta dawo da shi ba. Kuma wani lokacin ba bikin ake nema ba, wata ta dawo bayan shekara huɗu mahaifinta ya rasu ta ce a wajen ɗaurin aurenta ne kaɗai aka taɓa ɗaukarsa a bidiyo yana magana, ka ce mata ka goge?

Anti Mai Kafe:
Allah ya jiƙansa. To ka raba mana, wanda aka tace ka riƙe har abada tunda ba shi da nauyi, ɗanyen ka sa masa wa'adi ka rubuta a rasit, wanda yake so a riƙe masa ɗanye ya kawo nasa hadisk ko ya biya kuɗin ajiya.

Ɗan Maraɗi:
Wanga shawara ta Hajiya ita zan ɗauka ni ma.

Mai Kamara:
Na gode ƙwarai jama'a. Abin da na tsayar, 8TB zan saya da ƙaramin UPS, ƙananan ba zan sayar ba zan kai su gida wajen Hajiyarmu su zauna a can tunda situdiyo a kasuwa yake kuma kun san gobarar kasuwa. Bayan sallah in aiki ya buɗe in ƙara na biyu. Injiniya ranar Asabar kana shago? Ina so ka raka ni mu duba awannin nan kafin in biya.

Injiniya:
Ina nan in sha Allah amma bayan azahar, ka taho da laftof ɗin da caji a cike. Ƙananan kuma kafin ka kai su gida ka liƙa wa kowanne takarda ka rubuta shekarar da ke ciki, kuma duk bayan 'yan watanni ka riƙa jona su kana buɗe bidiyo biyu uku.

Mai Tura Finafinai:
To tunda ba za ka sayar ba shikenan, dama na so in taya 1TB ɗin 😂

Ɗan Maraɗi:
Malam Injiniya UPS ɗin mai VA nawa zai isa in an haɗa da ordinatar ta tebur da ekran?

Injiniya:
Turo min abin da aka rubuta a jikin fawa saflai ɗin kwamfutar da inci nawa ne allon sai in gaya maka.